Daga man kaɗe zuwa man kwalba: yadda bilicin ya shigo mana Sabo



Watanni kaɗan da suka wuce aka kira mu wani gida mu sa albarka a kayan lefe kafin a kai su gidan amarya. Akwati shida ne, Allah Ya sa alheri. Da aka buɗe na kayan shafa, sai muka ga kwalabe da 'yan bututun mai sun fi goma, kowanne da hoton wata mata fara sol a jikinsa. Muka tambayi gwaggon ango, muka ce, "Hajiya, wannan fa duk na mene ne?" Ta ce, "Haba Liman, kai ma ka sani. Yanzu in babu waɗannan ai sai a ce lefen bai cika ba." Muka yi addu'a muka fito, amma maganar ba ta bar mu ba, domin yarinyar da za a kai wa kayan mun san ta tun tana zuwa Islamiyya da allonta, baƙa ce kyakkyawa, babu tabo ko ɗaya a fuskarta. Shi ya sa muka ga ya kamata a zauna a bi sawun abin nan, a ga ta ina ya shigo unguwarmu. Kuma tun da wuri mu faɗi gaskiya, mu 'yan tireda akwai hannunmu a ciki, za mu zo wurin.

Kowa ya san a 1916 aka ware wa Hausawa wannan fili kusa da Mokola, aka ce su taru wuri guda ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Kafin nan kakanninmu a cikin gari suke, a gidajen Yarbawa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, to daga nan ne fataucin shanu da goro ya kankama: shanu su gangaro, goro ya hau. Maza sun zo da jari da carbi. Mata kuwa da suka biyo baya, sun zo da ƙwarya da tukunya da abin da suka gada na gyaran jiki.

Abin da suka zo da shi ba boyayye ba ne, mu da muka haura hamsin mun tarar da saurarsa a ɗakunan kakanninmu. Akwai man kaɗe a ɗan kasko ko a gwangwani, akwai man shanu na kitso, akwai sabulun salo, da lalle, da kwalli a tandu, da katambiri na zane a fuska, da fure da goro na jan baki. Da suka zauna sai suka tarar Yarbawa ma da nasu, kuma kusan abu ɗaya ne, suna ne ya bambanta. Man kaɗe su ori suke ce masa, daga Shaki da sauran ƙasar Oke-Ogun ake kawo shi. Sabulun salo shi ne ose dudu, ana yin sa da tokar ɓawon koko ko na ayaba da man alayyadi. Majigi, wato jan icen nan da ake niƙawa a shafa wa jarirai, shi ne osun. Sai aka yi musaya, kowa ya ɗauki na wani. Dilka da halawa kuwa ta gabas suka biyo, ta hannun Barebari da Shuwa da alhazan ƙasa waɗanda suka yi shekaru a Sudan a hanyar Makka.

A duba duk jerin nan, babu guda ɗaya da aikinsa sauya launi ne. Aikinsu fata ta yi laushi, ta yi sheƙi, ta yi sumul, kada ta yi kaushi ko ta tsage. In an sa amarya a lalle an killace ta kwana bakwai, ba ta shiga rana, ba ta tsayawa gaban murhu, ana cuɗa ta ana turara ta, ranar da ta fito sai a ce ta yi haske. Hasken hutu ne da inuwa. Baƙa ta fito baƙarta mai ƙyalli, wankan tarwaɗa ta fito wankan tarwaɗarta.

Amma kada mu wanke kanmu tas mu ce Turawa ne suka koya mana son fari. A'a. A bakinmu aka ji "farar mace alkyabbar mata", a bakinmu aka ji saurayi na cewa shi dai fara ko mayya ce. Son yana nan tun da, abin da babu shi ne kwalbar da za ta biya buƙatar. Da kwalba ta zo, ƙofa a buɗe ta same ta.

Asalin kwalbar kuwa daga nesa yake. Mata a Turai da Amurka sun daɗe suna shafa mayukan da aka haɗa da zaiba don kawar da ɗigo-ɗigon fuska. Sannan a 1939 likitoci a Amurka suka ba da rahoton wani abin mamaki daga wata masana'antar jima. Majema baƙaƙen fata da ke sa safar hannu ta roba, sai aka ga hannayensu suna yin fari dabbare-dabbare. Da aka bincika sai aka gano wani sinadari ne da ake sa wa robar don kada ta lalace. Ɗan'uwan wannan sinadarin, wanda ake rubutawa hydroquinone a jikin kwali, shi ne ya zama uwar mayukan bilicin bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ku ji fa, abin da aka fara ganinsa a matsayin cutar da ta sami leburori a wurin aiki, shi ne aka zuba a kwalba aka sa masa turare aka kawo mana.

Yadda yake aiki ba wuya a gane. A cikin fatar kowane ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyi masu sarrafa launi, likitoci na kiran launin melanin. Wanda nasa ya yi yawa shi ne baƙi, wanda nasa ya yi kaɗan shi ne fari, iyakar bambancin ke nan. Kuma launin nan rumfa ce, shi yake tare zafin hasken rana kada ya yi wa fata illa. Zaiba da haidurokwinon duk hana ƙwayoyin nan aiki suke yi. Wato mutum na zaune a ƙasar da rana ke dukan tsakar ka, ya sa hannu ya yaye rumfar da aka yi masa.

To ta ina ya shigo Sabo? Dattawan matan da muka zauna da su sun nuna mana hanya uku, kuma duk mun ga wutsiyarsu da idonmu.

Ta farko ita ce sabulun magani. Wanda ya taso a Arewa da busasshiyar iska, in ya zo Ibadan gumi ne ke fara yi masa sallama. Ƙurajen zufa, ƙaiƙayi, makero, kyasbi, duk suna damun mutane, musamman a ɗakunanmu na haya da ba su da taga ta kirki. Sai ga sabulai a kanti an ce na kashe ƙwayar cuta ne, kuma wasunsu da zaiba a ciki. Mace ta saya don ƙuraje, ƙuraje su lafa, sai kuma ta ga fuska ta washe. Maƙwabciya ta tambaya, ita ma ta aika a sayo mata. Ba wadda ta ce bilicin take yi, magani take yi.

Ta biyu ido ne. Mujallar Drum ta wancan lokacin tana cike da tallan mayuka irin su Ambi da Satina, kullum da hoton mace mai haske, ko ma'aikaciyar ofis ko ta jirgin sama, ana nuna cewa wayewa da fari tafiyarsu ɗaya. Yawancin iyayenmu ba su karanta Turanci, amma hoto ba ya buƙatar tafinta. Ga kuma silima. Scala a nan Sabo take a wancan lokacin, mu da muke yara mun sha bulala a kanta. Fim ɗin Indiya ya shiga ran Bahaushe fiye da na kowa, kuma a cikinsa jaruma kullum fara ce, baƙi kuwa in ba mugu ba to bara ne. Matan aure ba sa zuwa silima, gaskiya ne, amma mazansu na zuwa, su dawo gida da labari da kalanda.

Ta uku, wadda ta fi ƙarfi, ita ce dillaliya. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 zuwa 1963, ya rubuta littafi a kanmu wanda ya fito a 1969. Cikin abin da ya lura da shi har da cewa matan kulle na Sabo masu kuɗin kansu ne, suna dafa abinci yara na kai talla ga baƙi da gwauraye, ribar kuma su tara ta a kwanuka. Wannan haka yake, mu ma mun yi tallar. Macen da ke da kuɗinta amma ba ta fita, kasuwa ce ke zuwa ta same ta. Dillaliyar da ke shiga da atamfa da kwano da ɗan kunne, ita ce ta fara shiga da kwalba a ƙasan ƙullinta. Maigida na rumfar goro, bai san an yi ba.

Da kuɗin mai suka fashe, aka yi rabon Udoji tsakanin 1974 da 1975, sai abin ya fito fili. Kantunan Dugbe da Gbagi suka cika da kaya. A 1976 Fela ya yi waƙar Yellow Fever yana yi wa masu bilicin ba'a, har yau tsofaffin direbobi na tuna ta. A lokacin ne aka fara cewa wance fuska Fanta ƙafa Coke, saboda mai ya ci fuska ya bar gwiwa da gaɓoɓin yatsu da idon sawu baƙi ƙirin. A Sabo kuwa akwai wata dariya da sai mu muke gane ta. Bayarbe in zai ce mutum na bilicin, "bora" yake cewa. Mu kuma bora ita ce matar da miji ba ya yi da ita, kishiyar mowa. Tsofaffi suka riƙa cewa ai sunan ya dace, don ba mai shafa shi sai wadda ke tsoron zama bora. Dariya ce, amma in ka tsaya ka duba, tsoron nan shi ne jarin kasuwar gaba ɗaya. Mace ta ji ƙishin-ƙishin maigida zai ƙara aure, an ce yarinyar fara ce, me kake so ta yi? Wa'azin da muke yi wa mata a kan wannan, rabinsa mu maza ya kamata a juyo mana shi.

Alhali tun a wancan lokacin likitoci sun riga sun yi magana, labarin ne bai iso mana ba. A 1972 likitoci a Nairobi suka ba da rahoton cewa da yawa daga cikin 'yan matan da ke zuwa musu da wani ciwon ƙoda mai kumbura jiki, masu shafa man zaiba ne. A 1975 kuma likitocin Afirka ta Kudu suka bayyana wata cuta da ke samun waɗanda suka daɗe suna shafa haidurokwinon: kumatu da goshi su yi baƙi mai shuɗi-shuɗi, su yi gurji-gurji, kuma ba ya fita. Kun san shi, kun gan shi a fuskokin da ba sai mun faɗa ba. Man da aka saya don fari, ƙarshensa baƙin da ya fi na asali. A 1990 Afirka ta Kudu ta hana sa sinadarin a kayan kwalliya, Tarayyar Turai ta bi baya a 2001. Kayan da aka hana a can, kasuwa suka nema a nan.

Yanzu bari mu zo kan namu laifin. Bayan 1986, da aka karya darajar naira, man kanti mai tsada ya fi ƙarfin talaka. Sai kaya masu araha suka fara kwararowa ta Kwatano da Seme, a cikin kwali, wasu rubutun jikinsu Faransanci, wasu ma babu adireshin wanda ya yi su. Mu da muka fara tireda a farkon shekarun 1990 mun saro su, mun jera su kusa da man gashi da hoda da basilin, mun kuma ɗora wasu a motocin da suka sauke shanu za su koma Arewa. Ba kayan da ke da saurin fita kamarsu, domin wadda ta fara ba ta iya dainawa. A lokacin ne 'yan bututun nan suka shigo, waɗanda ake matsewa a zuba cikin babbar kwalba a gauraya, a ce an yi haɗi. Ba mu san mene ne a ciki ba, kuma gaskiya ba mu tambaya ba. Daga baya muka gane magungunan asibiti ne masu ƙarfi da ake kira sitiroyid, irin su clobetasol da betamethasone, waɗanda likita ke rubutawa a shafa a ɗan wuri na 'yan kwanaki. Mu kuwa muna sayar wa mace ta mulke jikinta da su tun daga goshi har tafin ƙafa, safe da dare, shekara da shekaru.

Wanda ya fara buɗe mana ido wata ma'aikaciyar jinya ce, Bayarbiya, mai sayen kaya a wurinmu. Ta ɗauki bututu ɗaya ta juya shi, ta ce, "Alfa, ka san abin da kake sayarwa kuwa?" Ta zayyana mana: fata na yin siriri har ka ga jijiya kore-kore, nankarwa na tsaga cinya da damtse, ƙuraje da makero na samun wurin zama, jiki na wani irin ƙarni in an yi gumi. Maganin na ratsa fata ya shiga jini, ya jawo hawan jini da ciwon suga. Ta ce abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne ranar haihuwa, in aka yi wa mace aiki aka zo ɗinki, fatar ba ta riƙe zare, ciwo kuma ya ƙi warkewa. Zaiba kuwa ƙoda da jijiyoyi take ci, tana kaiwa ga ɗan da ke ciki, tana bin nono. Ba mu kwashe kayan a ranar ba, kada mu yi ƙarya, sai da muka sayar da ragowar kwalin da muka riga muka biya. Wannan yana cikin abin da muke neman gafarar Allah a kansa har yau.

Hukuma ta yi nata yunƙurin. An kafa NAFDAC a 1993, kuma zamanin Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, 'yan kasuwa sun ji a jikinsu, an ƙona kaya ba kaɗan ba. Dokar da ake da ita ta hana zaiba da sitiroyid a kayan shafa, ta kuma taƙaita haidurokwinon kada ya wuce kashi 2 cikin 100. A duniya ma an yi yarjejeniyar Minamata a 2013 don rage amfani da zaiba, an sa mata sunan wani gari a Japan inda dattin masana'anta ya gurɓata kifi ya nakasa mutane a shekarun 1950, kuma Najeriya ta shiga cikinta. Kodebuwa ta hana mayukan a 2015, Ghana ta hana masu haidurokwinon a 2016. Duk da haka wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan sa haske. Ko da mutum ya yi gardama ya ce a raba lissafin biyu, abin da ya rage ma ya isa tashin hankali. A farkon 2023 sai da NAFDAC ta fito ta ce lamarin ya kai matsayin larurar gaggawa ta ƙasa.

Abin da ya sa doka ba ta kamo shi ba, kasuwar ta sake komawa inda ta faro, wato cikin ɗaki. Dillaliyar yau ba ta ɗaukar ƙulli, a waya take, a WhatsApp da Instagram da TikTok. Tana haɗa nata a roba, babu suna babu lamba, ta ce na gargajiya ne zalla, da kurkum da zuma da karas. Kurkum da zuma ba sa mayar da baƙa fara cikin kwana bakwai, duk abin da ya yi haka akwai bututu a cikinsa. An kuma ƙaro ƙwayoyi da allura da ƙarin ruwa na wani abu wai shi gulutatayon. Samari ma sun shiga, je ka wurin masu aski ka gani. Wanda ya fi ci mana rai shi ne na yara. An kawo mana jaririya ranar suna mu yi mata addu'a, wata tsohuwa a gidan ta ja mu gefe ta ce uwar ta riga ta sayi man da za ta fara shafa mata in an yi arba'in, wai kada dangin uba su ce ba ta yi kama da su ba.

Ta fuskar addini ba za mu tsawaita ba, mun sha faɗa a masallaci. Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, kuma ƙa'ida ce sananniya a wurin malamai cewa ba a cutar da kai, ba a cutar da wani. Sun kuma bambanta tsakanin magani da sauya halitta. Wadda ƙuraje suka bar wa tabo, ko ciki ya sa kumatunta suka yi duhu, neman magani halal ne gare ta, kuma likitan fata na iya rubuta mata shi kansa haidurokwinon ɗin, a ɗan wuri, na 'yan watanni, yana dubawa. UCH ga ta nan kusa da mu tun 1957, akwai masu duba fata a ciki, kuɗin keke ne tsakaninmu da su.

Ga waɗanda suka riga suka yi nisa, nasihar da likitoci ke yi ita ce kada a yanke man sitiroyid rana ɗaya bayan an shekara ana shafawa, domin fata na iya yin bore, jiki ma ya rikice. A je asibiti da kwalbar a hannu, a nuna, a faɗi gaskiyar shekarun da aka yi, su za su tsara yadda za a janye a hankali, su auna jini da ƙoda. Launi zai dawo, wani lokaci har ya fi na da duhu kafin ya daidaita, kuma watannin nan su ne masu wuya. A nan ne ake buƙatar maigida ya riƙe bakinsa, kishiya da dangin miji su ma haka. Mun san gida biyu a unguwar nan da mata suka daina, suka koma saboda magana ɗaya tak da aka yaɓa musu a wurin biki.

Mai son fata sumul kuwa, abin da kakanni suka yi bai tsufa ba: wanka da sabulu marar zafi, kada a dirje jiki da soso kamar ana wanke tukunya, a shafa mai tun jiki na da danshi, a bar matsa ƙurji, a guji rana tsaka in da hali. Wanda zai sayi mai a kanti ya juya kwalin ya duba lambar NAFDAC, in ya ga mercury ko calomel ko clobetasol ya ajiye. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen ƙwallon kaɗanya, kamfanonin waje na saye suna zubawa a mayukan da ake dawo mana da su da tsada, alhali matan Shaki na kawo shi Bodija da Oja'ba a ƙwarya.

Game da lefen da muka fara da shi, mun koma mun sami mahaifin ango bayan sallar isha'i. Ya saurare mu har ƙarshe, ya ce, "Malam, ni wallahi ban ma san me ke cikin akwatin ba, kuɗi kawai na bayar." Ya shiga gida, aka yi ta muhawara har dare ya raba. Washegari aka cire 'yan bututun guda huɗu, aka bar manyan kwalaben, don gwaggo ta rantse ba za ta ɗauki akwati rabi ta shiga da shi gidan surukai ba.